Baba Likita Na Amsawa: "Ƙafar Yayata Ta Zama Kamar Turmi, An Ce Asiri Ta Taka"

Tun da damina ta ɗauke, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata kan kumburi: na ƙafa, na fatar ido, da wanda maza ba sa son a ambata a gaban jama'a. Na zaɓi biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Ta farkon ta tsaya mini a rai, don haka a yi haƙuri da tsawon amsarta.

Daga wata ɗalibar kwalejin ilimi

Assalamu alaikum Baba Likita. Yayata ce ba lafiya. Shekarunta 34, 'ya'yanta huɗu, tana aure a wani ƙauye a bakin fadama. Shekara uku ke nan ƙafarta ta hagu tana kumbura. Da farko in ta kwana sai kumburin ya sace, yanzu ya daina sauka, fatar ta yi kauri, takalmi ba ya shiga. Duk bayan wata biyu ko uku sai masassara ta kama ta, kaluluwa ta fito mata a matsematsi, ƙafar ta yi ja ta ɗauki zafi, ta yi kwana huɗu ba ta tashi ba. An ce asiri ta taka a hanyar rafi. An yi mata tsaga sau biyu, an yi ƙaho. Mun kai ta asibiti an ɗebi jini da hantsi, aka ce ba a ga komai ba, sai mutanen gidan suka ce ai dama sun faɗa, ba ciwon asibiti ba ne. Yanzu abokiyar zamanta ta ware mata kwano da buta, ta hana yara shiga ɗakinta. Baba, mene ne wannan? Ana ɗauka? Tana warkewa?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Ban ga ƙafar ba, kuma likitan da ya yanke hukunci a kan wasiƙa ya yi ganganci. Amma abin da kika zana mini, ƙafa ɗaya, kumburin da ya fara da sauka da dare daga baya ya kafe, masassara mai dawowa da kaluluwa, ga zama a bakin fadama, duk kamannin tundurmi ne. Kumburin da ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta ke kawowa yawanci ƙafa biyu yake kamawa tare, kuma ba ya zuwa da wannan ja da zafi.

Tsutsa ce ke kawo tundurmi, sauro kuma shi ke kawo tsutsar. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, sauron nan da ke ba mu zazzaɓin maleriya shi ne dai ke ɗauke da ita. Yakan ciji mai ita, ya zuƙo 'ya'yanta tare da jini, su yi kwana 10 zuwa 14 a jikinsa suna girma, sannan ya sauke su a fatar wani, su bi ƙofar cizon su shige. Cizo ɗaya ko biyu ba ya isa. Sai mutum ya yi watanni, sau da yawa shekaru, sauro na cinsa a wurin da cutar take. Shi ya sa baƙon da ya kwana uku a gari ba ya tafiya da ita, amma yaron da aka haifa a nan yakan ɗauka tun yana ƙarami, ba za a ga alama ba sai ya girma. Mai yiwuwa ne Yayarki ta fi shekara 10 da tsutsar kafin ƙafar ta nuna.

Ina tsutsar ke zama? Bayan jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki da ke kwashe rarar ruwa daga tsoka su mayar da shi cikin jini, kamar rariyar da ke fitar da ruwan sama daga tsakar gida. Kaluluwar da ke tasowa a matsematsi ko hammata tasha ce a kan wannan hanya. A can tsutsar ke yin gida. Macen takan kai santimita 8 zuwa 10, siririya kamar zaren ɗinki, tana rayuwa shekara 6 zuwa 8, tana zuba miliyoyin 'ya'ya cikin jini. Zamanta yana buɗe hanyar ya lalata ta, ruwa ya daina wucewa, ya kwanta a ƙafa. Masana suna kiranta Wuchereria bancrofti, daga sunayen likitoci biyu, ɗaya ya yi aiki a Barazil, ɗaya a Ostareliya.

Yanzu batun jinin da aka ɗiba da hantsi. Wannan kuskuren ni ma na yi shi. Shekarata ta farko a wani asibitin karkara, wani manomi ya zo mini da irin labarin Yayarki. Na tura shi ɗakin gwaji da ƙarfe goma na safe, sakamako ya fito fes, na rubuta masa maganin zazzaɓi na sallame shi. Wani dattijo da ya fi shekara 20 a kan madubin gwajin ya biyo ni har baranda, ya ce, "Likita, ka kwantar da shi, mu ɗebi jinin bayan sha biyun dare." Na ji kunya, amma na yi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ya kira ni na leƙa. Ga su nan suna wutsil-wutsil a cikin ɗigon jini ɗaya. Gani ya kori ji. 'Ya'yan tsutsar nan da rana suna ɓuya can cikin jijiyoyin huhu, sai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2 suke fitowa kusa da fata, daidai lokacin da sauron ke yawon neman abinci. Wani likita ɗan Sikotilan, Patrick Manson, shi ya gano a 1877 a garin Amoy na ƙasar Sin cewa sauro ne ke ɗaukar su. Ya sa sauro suka ciji mai kula da lambunsa wanda ke da tsutsar, ya riƙa feɗe sauron yana duba su. Sai bayan shekara 20 aka tabbatar da irin wannan a kan maleriya. Yau akwai gwaji na ɗan tsinke, irin na maleriya, da ake yi da rana, sai dai ba kowane asibiti ke da shi ba.

Ga abin da nake so ki karanta wa abokiyar zamanta da mai gidan, a hankali, ba da faɗa ba. Wanda ƙafarsa ta riga ta zama tundurmi, sau da yawa ko da tsakar dare aka gwada shi ba a samun komai a jininsa. Tsutsar ta yi ɓarnarta ta mutu, ta bar kango. Masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar a jini, waɗanda sauro ke ɗiba daga jikinsu, galibinsu lafiyarsu ƙalau a ido, suna noma suna zuwa kasuwa. Wato a gidan nan, mai yiwuwa Yayarki ce mafi ƙarancin haɗari ga yaran. Ba a ɗaukar tundurmi ta kwano, ko buta, ko tabarma, ko kwanciyar aure, ko shan nono. A mayar mata da kwanonta cikin na jama'a. In ana son kare yara, a rataya musu gidan sauro, kuma kowa a gidan ya sha ƙwayoyin da ake rabawa shekara-shekara.

Tana warkewa? Ba zan yi miki ƙarya ba: ƙafar da ta shekara uku a kumbure, fata ta yi kauri, da wuya ta koma kamar 'yar'uwarta. Amma ana tsayar da ita, ana rage ta sosai, kuma ana iya raba ta da masassarar nan kusan gaba ɗaya. A nan ne mutane ke mamaki, don maganin ba ya cikin kwalba.

Masassarar da ke kayar da ita ba tsutsar ba ce. Ƙwayoyin cuta ne na ƙasa da datti ke shiga ta inda fata ta tsage: cin ruwa a tsakanin yatsu, faso a dunduniya, ƙaya, susa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙafar da rariyarta ta toshe ba ta iya kare kanta, kuma duk zuwan masassara sai ya ƙara lalata sauran hanyoyin, ya bar ƙafar ta fi da girma. To ki duba abin da tsaga da ƙaho da sakiya ke yi: sababbin ƙofofi suke buɗewa. Ina girmama wanzamai, wanzami ne ya yi mini kaciya, amma a wannan ƙafar kada aska ta sake taɓawa.

Abin da za ta yi shi ne wanki. Safe da dare, ruwa mai tsabta wanda ba zafi, da sabulu na yau da kullum. Ta wanke tun daga gwiwa har ƙasa, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta bi cikin kowane ninki na fata. Sannan ta tsane da ƙyalle mai laushi har ya bushe ƙarau. Na san za a ce ai tana alwala sau biyar. Alwala tana wanke ƙafa, amma muna barin ta a jiƙe mu zura a silifa, kuma danshin nan ne cin ruwa ke so. Ta ajiye ɗan ƙyalle kusa da butarta. Inda ya ci ruwa a sa man cin ruwa na kemis, inda ya bushe ya yi kaushi a shafa man kaɗanya, ban da tsakanin yatsu. In ta zauna ta ɗora ƙafar a kan kujera, da dare a sa matashi ko a ɗaga ƙarshen gadon da bulo. Ta riƙa motsa ƙafar, tana ɗaga dunduniya tana saukewa, ko tana tsince shinkafa. Kuma kada ta taka ƙasa ba takalmi. A kai wa baduku ko mai gyaran takalmi awon ƙafar ya yi mata mai maɗauri wanda ake sassautawa.

Ranar da masassara ta zo: ta kwanta, a jiƙa ƙyalle da ruwan sanyi a ɗora, ta sha farasitamol da ruwa da yawa, a daina motsa ƙafar, a kai ta asibiti don maganin ƙwayoyin cuta. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a ɗaure.

Akwai wani magani, doksisaiklin, da likita kan ba da na mako 4 zuwa 6. Yana kashe wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin tsutsar, waɗanda ba ta rayuwa sai da su. Ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro, don haka kada ku saya da kanku, ku bar wa likitan da ya gan ta.

Ke ce mai karatu a gidanku. Hutun nan ki je ki zauna da ita mako guda, ki wanke ƙafar da hannunki a tsakar gida inda kowa zai gani.

Daga wani magidanci, bai faɗi garinsu ba

Likita, don Allah a sakaya sunana. Shekara biyar ke nan gefe ɗaya na marainana yana kumbura, ba zafi, sai nauyi. Yanzu ya kai girman gwanda, na daina hawa keke, ba na fita sai da babbar riga. Abokina ya ce gwaiwa ce, in aka yi aiki mutum ba ya ƙara haihuwa. Gaskiya ne?

Amsa

Malam, ba kai kaɗai ba ne. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da yaƙi da cutar tsutsar tundurmi a 2000, ƙiyasinta shi ne maza miliyan 25 ke da irin kumburinka, masu kumburin ƙafa da hannu kuwa miliyan 15. Wato tsutsar nan ta fi kama maza a inda kake faɗa fiye da yadda take kama ƙafa. Ba a gani ne kawai, saboda babbar riga tana da rufin asiri.

Abin da muke kira gwaiwa iri biyu ne. Akwai ta ruwa, inda ruwa ke taruwa a jakar da ke lulluɓe da ɗan maraina. Akwai kuma ta saukar hanji, wadda kan koma ciki in an kwanta, ta fito in an yi tari ko an ɗauki kaya. Ta biyun ba ruwanta da sauro, kuma ita ce ke iya shaƙewa dare ɗaya ta zama ta gaggawa. Ta ruwan ma ba kullum tsutsa ce sanadi ba, amma a yankin da ake da tundurmi ita ake fara zargi. Likita yakan bambanta su da hannu da 'yar tocila a ɗaki mai duhu: ruwa yana barin haske ya ratsa, hanji ba ya bari. In an sa na'urar hoton ciki, wani lokaci har tsutsotsin ake gani suna motsi, likitoci na kiran abin rawar tsutsa.

Maganar abokinka ba haka take ba. A aikin gwaiwar ruwa jakar ake buɗewa, a zubar da ruwan, a gyara ta yadda ba zai sake taruwa ba. Ba a cire ɗan maraina sai in an tarar ya riga ya lalace, kuma barin ruwan shekara da shekaru yana danne shi ne ke kai ga hakan. Yawanci ba a ma sa mutum barci gaba ɗaya, kashe wurin ake yi, cikin 'yan kwanaki ya koma gida. Na yi wa mutane da dama wannan aiki, wasunsu sun dawo mini da goron suna.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bari wani ya zuƙe ruwan da sirinji a bayan shago. Ruwan zai dawo cikin makonni, kuma in ƙwayar cuta ta bi allurar, aikin da zai zama mai sauƙi ya koma babba. Ka je babban asibitin da ya fi kusa da kai, ka tambaya ko akwai shirin yi wa masu gwaiwa aiki kyauta ko da rangwame, don akan yi a jihohi lokaci-lokaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Daga shugaban wata makarantar firamare

Ranka ya daɗe, duk shekara ana zuwa ƙauyenmu da wata sanda mai launi-launi, a auna tsawon mutum, a ba shi ƙananan ƙwayoyi farare da wata babba guda ɗaya. Iyaye da yawa suna karɓa su zubar, wai na hana haihuwa ne. Ni kaina ina tambaya: me ya sa za a ba mai lafiya magani?

Amsa

Malam, tambayarka ta ƙarshe ita ce mai kyau, kuma amsarta na cikin abin da na gaya wa ɗalibar can: mai ɗauke da tsutsar bai san yana da ita ba. Gwada kowa da kowa a ƙauye, da tsakar dare, ya fi ba kowa magani tsada da wahala.

Ƙananan fararen su ne Mectizan, sunan maganin ibamektin. Babbar ita ce albendazol, maganin tsutsar ciki da kowa ya sani. Haɗin biyun yana share 'ya'yan tsutsa daga jini na tsawon watanni, sauro ya ciza bai samu abin ɗauka ba. Amma ba ya kashe iyayen da kyau. Tunda iyayen na yin shekara 6 zuwa 8, dole a maimaita kowace shekara, aƙalla shekara 5, kuma aƙalla kashi 65 cikin 100 na mutanen gari su sha, har tsofaffin tsutsotsin su mutu don kansu ba su bar magada ba. Duk gidan da ya zubar, ya ƙara wa garin shekara. Sandar kuwa madadin sikeli ce: tsawo ke nuna ƙwaya nawa, daga 1 zuwa 4. Yaron da bai kai santimita 90 ba, da mai ciki, da mai jego a makon farko, da mai ciwo mai tsanani, ba a ba su.

Ba na raina tsoron iyaye. Mutanen da suka ji abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, suna da dalilin tambaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma wannan ba sabon magani ba ne da ake gwaji. Tun 1987 ake raba Mectizan kyauta saboda makantar kogi, an ba ɗaruruwan miliyoyin mutane, kuma waɗanda suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, sun sami kyautar Nobel a 2015. Asalinsa ma daga wata ƙwayar halitta ce da aka samo cikin ƙasa a Japan. Ka ce wa iyayen su dubi jihohin Filato da Nasarawa. An fara rabon a can a 2000, tare da cibiyar marigayi Jimmy Carter, aka haɗa da gidajen sauro, a watan Oktoba na 2017 aka sanar an katse yaɗuwar tsutsar tundurmi a jihohin biyu. Ban ji an rufe ɗakunan haihuwa a Jos ko Lafiya ba. Togo ma a 2017 ta zama ƙasa ta farko a kudu da Sahara da aka tabbatar ta kawar da ita, Masar ta biyo baya a 2018. A duniya baki ɗaya, masu ɗauke da tsutsar sun sauko zuwa miliyan 51 a 2018.

Ka gaya musu gaskiya tun kafin su sha: wasu za su ji ciwon kai, ɗan zazzaɓi ko ƙaiƙayi na kwana ɗaya ko biyu, musamman masu tsutsar a jini, yara kuma za su iya kasayar da tsutsar ciki. In ba a faɗa ba aka gani, jita-jita ta samu abinci.

Gargaɗi ɗaya ga 'yan'uwanmu da suka zauna a dazukan kudancin Kamaru ko kudu maso gabashin Najeriya. Akwai wata tsutsa a can, Loa loa, wadda wani ƙuda mai cizo ke kawowa, wani lokaci a gan ta tana ratsa farin ido. Mai ita da yawa a jini in ya sha Mectizan yana iya shiga mummunan hali, har ya suma. Duk wanda ya taɓa ganin haka a idonsa ya faɗa kafin ya karɓa.

Daga wani matashi mai aikin gona kusa da Torino, Italiya

Baba, wani Bature da muke aiki tare ƙullutu ya fito masa a fatar ido. Da aka yanka sai aka zaro tsutsa doguwa mai rai. Likitocin sun ce daga sauro ne da karnuka, kuma wai tana ƙaruwa a Turai. Tundurmin gida ne ya biyo mu nan? In na dawo hutu zan iya kai wa iyalina?

Amsa

Ɗana, ba ku kuka kai ta ba, a can kuka tarar da ita. Dangin tsutsar tundurmi ce, amma ta karnuka ce. Sunanta Dirofilaria repens, tana zama ƙarƙashin fatar kare, sauro ya ɗauka daga kare ya kai wa kare, wani lokaci ya yi kuskure ya kai wa mutum. Arewacin Italiya, inda kake, na cikin wuraren da aka daɗe da saninta. Abin da ya sa likitocin Turai suka fara damuwa shi ne tana hawa arewa da gabas: an samu masu ita da yawa a Yukiren da Rasha, an kuma samu waɗanda suka kamu a Folan da Ostiriya da Jamus ba tare da sun yi tafiya ba. Tsutsar ba ta girma a jikin sauro in ɗumin yanayi bai kai digiri 14 ba, to yanzu lokacin zafinsu ya ƙara tsawo. Ga yawo da karnuka daga ƙasa zuwa ƙasa, ga wani sauro mai zanen fari da baƙi, ɗan asalin Asiya, da aka fara gani a Italiya, a birnin Genoa, a 1990, wanda ya bazu ta cinikin tsofaffin tayoyi, kuma shi da rana yake cizo.

Jikin mutum ba gidanta ba ne. Yawanci guda ɗaya ce, takan kai santimita 10 ko fiye, ta yi yawo ƙarƙashin fata ta tsaya ta zama ƙullutu, sau da yawa a fuska ko kusa da ido. Ba ta kawo tundurmi, kuma da wuya ƙwarai ta zuba 'ya'ya a jinin mutum, don haka ba abin da za ka kai wa iyalinka. Cire ta shi ne maganin. Tana da 'yar'uwa, Dirofilaria immitis, mai zama a zuciyar kare ta kashe shi. In ta shiga mutum takan mutu a huhu ta bar tabo zagayayye kamar kwabo, wanda a hoton ƙirji yake kama da kansa, har a yi wa mutum aiki kafin a gane.

Kai dai ka sa riga mai dogon hannu a gona, ka shafa maganin sauro, in ka ga ƙullutun da ke sauya wuri ka nuna wa likita. In mai gonar na da karnuka, akwai maganin rigakafi da likitocin dabbobi ke ba su a watannin zafi.

Daga wani ɗan kasuwa a Bamenda, Kamaru

Likita, mai yi mini noma a kan tudu ƙafafunsa biyu sun kumbura kamar tundurmi, alhali can sanyi ne, sauro kaɗan ne. An ba shi Mectizan shekara uku ba canji.

Amsa

Alhaji, Mectizan dama ba ya sauke kumburi ko a tundurmin sauro. Amma naka mutumin ina zargin wani iri ne daban, wanda ba tsutsa a cikinsa sam. Jar ƙasar tsaunuka, wadda asalinta aman wuta ne, tana da wasu ƙananan ɓurɓushi da ke ratsa fatar mai tafiya ba takalmi shekara da shekaru, su toshe hanyoyin ruwan nan. An fi saninsa a Habasha da tuddan arewa maso yammacin Kamaru, inda kake. Yana farawa daga tafin ƙafa da ƙaiƙayi da zafi kamar ƙuna, yana kama ƙafa biyu, kuma da wuya ya wuce gwiwa. A kai shi a duba zuciya da ƙoda tukuna. In sun fita lafiya, wankin da na rubuta wa ɗalibar can shi ne nasa, kalma da kalma. Sai ka ƙara masa da safa da takalmi mai rufi wanda zai shiga gona da shi, ka saya wa 'ya'yansa ma tun ƙafafunsu ba su fara ba.